Mantuwa Halitta Ce, Gaggawa Ke Jawo Asara

  Ya ku 'ya'yana da jikokina na 'Yankwashi da Karkarna, da 'yan'uwanku na Kazaure da Roni da Gwiwa da Babura. Ina so mu tattauna a kan abubuwa uku da muke kwana da su muke tashi da su a cikin gida, amma ba kasafai muke zama mu dube su ba: mantuwa, da yanke shawara, da wannan wayar da ke aljihunku. Ban zo da faɗa ba. Zamanin naku ne, kun fi mu sanin lungu da saƙonsa. Abin da tsufa ya ba ni shi ne daɗewa ina kallon yadda mutane ke yin asara, kuma na lura mantuwa ita kaɗai ba ta cika rushe gida ba. Sai ta haɗu da gaggawa sannan ake kuka.

Mu fara da mantuwar. Duk wanda ya durƙusa gaban malam ya karanta Ahalari ya san dogon bayanin da aka yi a kan rafkanwa a cikin salla. Wanda ya rage sunna mai ƙarfi ya yi sujada biyu kafin sallama, ƙabli ke nan. Wanda ya yi ƙari ya yi su bayan sallama, ba'adi ke nan. Fiyayyen halitta kansa, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya taɓa sallamewa a raka'a biyu a sallar da ke da huɗu, aka tuna masa, ya cika, ya yi sujada. Ku duba wannan rahama. A ibada mai girma irin salla ba a ɗora mana cewa kada mu manta ba, an tanadar mana yadda za mu gyara ne. Ɗan Adam tara yake, bai cika goma ba. Don haka in ƙaninka ya dawo daga kanti da sukari ya manto ashana, ko Inna tana neman makullin da ke ƙulle a bakin zanenta, babu abin zagi babu abin dariya. Abin yi shi ne a shirya gida yadda za a tare mantuwa kafin ta yi ɓarna.

Kowa ya san wannan hali: ka tashi daga zaure za ka ɗauko wani abu a cikin gida, kana ƙetare ƙofa sai abin ya kwanta maka, ka tsaya a tsakar gida kana tambayar kanka me ya kawo ka. Wani masanin halayyar ɗan Adam, Gabriel Radvansky na Jami'ar Notre Dame a Amurka, ya gwada wannan tare da abokan aikinsa, suka fitar da sakamakon a 2011. Sun gano cewa wanda ya ratsa ƙofa ya shiga wani ɗaki ya fi saurin manta abin da yake riƙe da shi a rai, a kan wanda ya yi tafiya mai tsawo iri ɗaya a cikin ɗaki guda. Dalilin da suka bayar shi ne ƙwaƙwalwa tana yanka al'amura kashi-kashi, sauya wuri kuwa kan sa ta naɗe na baya ta buɗe sabo. Irin wannan na ga yana faruwa da ku a kan waya. Ka ɗauke ta don kiran mai motar da zai kai riɗi kasuwa, saƙo ya shigo ka buɗe, daga nan ka faɗa bidiyo, har ka ajiye ta ba ka yi kiran ba. Iyayenku mata suna da maganin wannan tun tuni. In sun aiki yaro sai su ce, “Me na ce ka sayo?” Sai ya maimaita da bakinsa sannan ya fita. Ku ma ku riƙa faɗa wa kanku abin da ya sa kuka ɗauki wayar, ku gama shi kafin ku leƙa wani.

Akwai mantuwar da ake dariyarta, akwai wadda ake ta'aziyya a kanta. A lokacin hunturu a jona hita a bokiti, ko a jona dutsen guga, sai wuta ta ɗauke. Da yake ba a ganin komai yana aiki, sai a tashi a bar shi a jone. Can cikin dare wuta ta dawo kowa yana barci. Gobara da yawa daga nan take tashi. Haka tukunyar gas da aka kashe kanta ba a rufe bakinta ba, haka wayar da aka bari tana caji a kan katifa. Kada ku dogara da cewa za ku tuna. Ku sa doka a gida: da zarar wuta ta ɗauke, a zare duk abin da ke yin zafi, nan take, kafin ma a nemi tocila. Ku kuma ɗaura ayyuka masu muhimmanci a jikin salloli biyar, don su ne agogon da ba ya ɓaci a gidan Musulmi. Maganin hawan jinin Baba bayan asuba, duba gas da ƙofa da turken dabbobi bayan isha'i. Makulli da katin banki kuwa kowanne a yi masa mazauni guda. Abin da ke da mazauni ba a nemansa.

Yanzu ku zo mu dubi yadda ake riƙe abu a ka. A 1885 wani Bajamushe, Hermann Ebbinghaus, ya wallafa gwajin da ya yi a kan kansa, inda ya riƙa haddace gaɓoɓin kalmomi marasa ma'ana yana auna yadda suke zubewa. Ya ga mafi yawan zubewar a sa'o'in farko da ranar farko take aukuwa, kuma maimaici da ake rarrabawa a kwanaki ya fi wanda ake yi a zama ɗaya. Alarammominmu na tsangaya ba su san sunansa ba, amma a kan wannan hanya suke tafe tun kafin a haife shi. Almajiri ya rubuta a allo da hannunsa, ya biya a gaban malam, ya yi ta nanatawa da murya, ba ya wankewa sai ya zauna masa. Sannan ga tilawa da dare da asuba don kada na baya ya kuɓuce. Da haka mutum ke ɗaukar izu sittin a ƙirjinsa, har gwani ya zauna ya rubuta Alƙur'ani da ka. Ɗalibin da ke shirin jarrabawa a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hussaini Adamu da ke Kazaure, ko a sakandaren garinsu, ya ɗauki darasi a nan. Ɗaukar hoton allo da waya ba karatu ba ne. Ka rubuta da hannunka, ka rufe littafin ka faɗa da ka, ka sake gobe, ka sake jibi, ka kuma yi barci isasshe, don a cikin barci ne abin da aka koya ke daɗa zama.

Kafin wayar salula ta shigo Najeriya a 2001, ɗan kasuwa yakan riƙe bashin mutum ashirin a kansa, tsohuwa ta lissafo maka dangi har kaka na biyar. Yau saurayi mai jini a jika bai san lambar mahaifiyarsa ba. Ba wai ƙwaƙwalwarku ta gaza tamu ba ne. A 2011 wata mai bincike, Betsy Sparrow ta Jami'ar Kolombiya a Amurka, ita da abokan aikinta sun nuna cewa in mutum ya sakankance an adana masa bayani a kwamfuta, ba ya wahalar riƙe bayanin, sai ya fi riƙe inda aka ajiye shi. Wannan dabara ce mai amfani muddin ma'ajiyar tana nan. To amma waya tana faɗawa rijiya, ana sace ta a kasuwa, caji yana ƙarewa a kan hanyar Daura da tsakar dare. Manomi mai hankali ba ya zuba iri da abincin shekara duka a rumbu guda.

Don haka ga abin da nake roƙonku. Kowannenku ya haddace lamba uku: ta mahaifi ko mahaifiya, ta miji ko mata, da ta wani maƙwabci mai amana. Lambobi 11 ne, ku raba su huɗu, uku, huɗu, za su zauna. A sayi littafi guda na gida a rubuta lambobin dangi da lambar asusun banki da lambar NIN ta kowa, a ajiye inda ake ajiye takardun gona. Lambar sirri kaɗai ce ba a rubutawa a nan, ba a kuma rubuta ta a bayan kati, ba a yin ta da shekarar haihuwa. Ku kula da layin da aka buɗe asusu da shi. Tun Disambar 2020 hukuma ta wajabta haɗa kowane layi da NIN, kuma layin da aka daɗe ba a amfani da shi kamfani kan karɓe ya sayar wa wani. In ka yar da layi ba ka je banki ka sauya ba, saƙon kuɗinka hannun baƙo zai riƙa shiga.

Sai maganar bashi, wadda ta raba 'yan'uwa da yawa. Ƙwaƙwalwa tana da son kai ba tare da mai ita ya sani ba. Wanda ya bayar yana tuna dubu hamsin, wanda ya karɓa yana tuna arba'in, kuma kowannensu zai iya rantsuwa da zuciya ɗaya. Allah da Ya halicce mu Ya san haka, shi ya sa ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, ta yi umarni a rubuta bashi a kafa shaidu. Mu kuwa kunya ke hana mu, sai a ce, “Haba, ni da kai har sai an rubuta?” Ɗana, rubutun nan shi ke tsare zumuncin. A nan waya za ta yi muku rana: bayan an yi magana, a tura saƙo a rubuce mai ɗauke da adadi da ranar biya, ɗayan ya amsa, sannan a kwafe a littafi a gaban shaida. Uwar adashi ma ta rubuta wanda ya zuba da wanda ya kwasa. Haka jinginar gona, haka kiwon da aka ba wani.

Mu juya ga yanke shawara, don a nan ne zamani ya fi canja mana. A da in za ka ba wani kuɗi sai ka shiga ɗaki, ka buɗe adaka, ka ƙirga, ka taka ka kai masa. A tsakanin nan mai ɗakinka ta tambaye ka, ka gamu da aboki a hanya, zuciyarka ta yi sanyi. A Oktoban 2022 Babban Bankin Najeriya ya sanar da sauya takardun naira 200 da 500 da 1,000, kuma kun ga wahalar da aka sha a watannin farko na 2023, lokacin da mai akuya a kasuwa ya rasa mai ba shi tsaba. Daga nan har mutanen ƙauye suka koyi tura kuɗi ta waya da zuwa wurin mai POS. An samu sauƙi, babu musu. Amma wancan jinkirin da ke ba hankali damar isowa ya tafi. Yanzu kuɗin amfanin gonar shekara guda yana iya fita kafin mutum ya gama shan kofin shayi.

'Yan damfara sun fi kowa sanin wannan. Ku lura da salonsu, kusan guda ne kullum. Wani ya kira ya ce daga banki yake, za a rufe asusunka yau in ba ka karanto masa lambar da aka turo maka ba. Wani ya ce sunanka ya fito a tallafi, amma sai ka biya kuɗin fom kafin magariba. Wani ya turo saƙo da sunan ɗan'uwanka cewa yana asibiti, kada ka kira, ka dai turo. Wani ya sayi buhun gero ya nuna maka alat na bogi yana cewa mota za ta tashi. Tsoro ne ko kwaɗayi, sannan a ɗaure su da ƙurarren lokaci. To ku riƙe wannan: banki ba ya tambayar lambar sirri ko lambar da ya turo maka, ko a waya ko a saƙo. Ɗan'uwan da aka ce yana asibiti, ka kira shi a lambar da ka sani. Kaya kuwa ba sa barin hannunka sai ka duba asusunka da idonka ka ga kuɗi sun shiga. Duk wanda ya hana ka lokacin tunani, ya san tunanin ba zai yi masa daɗi ba.

Manyanku za su tuna wani dare a watan Agustan 2014, lokacin da ake fargabar cutar Ebola. Waya ta yi ta ƙara a gidaje kafin asuba, ɗan'uwa yana kiran ɗan'uwa cewa a tashi a yi wanka da ruwan gishiri a kuma sha. Mutane da yawa suka yi, wasu suka kwana a asibiti, har aka samu rahoton rasa rai, alhali gishiri ba ya maganin Ebola. Waɗanda suka yaɗa saƙon ba mugaye ba ne, ƙauna ce ta sa su kira. Abin da ya ɓace a daren shi ne tambaya guda: wa ya faɗa? Aya ta 6 a Suratul Hujurati ta hore mu da bincika labari kafin mu yi aiki da shi, don kada mu cuci wasu cikin rashin sani mu wayi gari muna nadama. Saƙon da ya zo maka a WhatsApp yana cewa ka tura wa mutum goma, ya tsaya a kanka har sai ka san tushensa.

Haka batun kuɗin da ake cewa suna haihuwa a waya. MMM ta daskare da kuɗin jama'a a Disambar 2016, CBEX ta rufe da na wasu a Afrilun 2025, gobe kuma wata za ta fito da sabon suna. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Na farko ana biyansu da kuɗin na baya ne, don su zama shaidu su jawo dangi. Akwai kuma wani tarko da ke cikin zuciyar kowa: in mutum ya zuba dubu ashirin suka maƙale, aka ce ya ƙara goma a sako masa, sai ya ƙara, don ba ya son ya yarda na farkon sun tafi. Wannan halin ne ke riƙe matasa a cacar ƙwallo, ban da haramcinta. Abin da ya tafi ya tafi. Tambayar da ta rage ita ce, wannan da ke hannuna yanzu, ina ya fi dacewa in sa shi?

Ga ma'aunin da nake ba ku. Duk shawarar da ba a iya warware ta in an ƙulla, a bar ta ta kwana. Sayar da gona ko saniya, tura kuɗi masu nauyi, barin makaranta, tafiya ci-rani wurin da ba ka san kowa ba, duk su ga wayewar gari. Kafin nan ka yi istihara, ka kuma faɗa wa mutum biyu, ɗaya wanda ya san harkar, ɗaya wanda yake ƙaunarka kuma ba ya jin nauyin ce maka a'a. Shawara ɗaukar ɗaki ce. Kada ka yanke hukunci kana cikin fushi ko yunwa ko gajiya. Musamman ku magidanta matasa, ku ji tsoron Allah a kan saƙon da ake rubutawa cikin fushi. Kalmar saki ba ta zama wasa don an rubuta ta a waya, kuma saƙon murya da ka aika wa surukarka yana nan ana sake saurarensa bayan kai ka huce. Ke ma 'yata, abin da ya faru a ɗakinki kada ya riga ki isa gidanku ta waya tun ba ki numfasa ba.

Ba ina cewa ku yar da waya ba ne. Da kaka, kafin ka sayar da riɗi ko zoɓo ko wake a bakin gona, kira guda zuwa ga wanda ka sani a kasuwar Dawanau ta Kano zai gaya maka farashin ranar, ka san inda za ka tsaya da dillali. Kakanninku ba su samu wannan ba. Amma bayan ka ji farashi, lissafin naka ne: buhu nawa gidan nan ke ci zuwa wata kakar, nawa ne iri, nawa za a sayar don kuɗin makaranta da taki. Wanda ya ga farashi ya hau ya kwashe rumbu, shi ne zai sayi hatsin da tsada a tsakiyar damina. Waya ta kawo maka labari, kai kuma ka auna.

Akwai amanar da zamani ya ɗora muku wadda mu ba mu ɗauka ba a shekarunku. Iyaye da yawa ba sa iya karanta saƙon banki, ku ne idonsu, ku kuka san lambar sirrinsu. Ku karanta musu abin da aka rubuta daidai, ku gaya musu abin da ya shiga da abin da ya rage, kada ku taɓa ko naira ɗaya da sunan za ku mayar. In Baba ya tambaye ka yadda ake amsa kira sau biyar, ka nuna masa sau biyar da sakin fuska. Sannan ku bambance mantuwar yau da kullum da ta ciwo. Tsohon da ya manta inda ya ajiye carbi lafiyarsa ƙalau. Amma wanda ya fara ɓata a hanyar masallacin da ya shekara arba'in yana bi, ko ya kasa gane 'ya'yansa, ko ya ci abinci ya ce ba a ba shi ba, wannan rashin lafiya ne na ƙwaƙwalwa. Ba maita ba ce, ba kuma ganganci ba. A kai shi Babban Asibitin Kazaure ko wanda ya fi kusa likita ya duba shi, a yi masa addu'a, a kuma yi haƙuri da shi kamar yadda ya yi da ku kuna ƙanana.

Tun tsofaffinku suna da ƙarfin magana, ku juya wayar nan ta yi muku aikin da ya fi kallon TikTok. Ku zauna da kaka ku naɗi muryarta. Ta gaya muku daga ina gidanku ya taso, wa ya haifi wa, ina iyakar gonar gado ta tsaya kuma su wa suka shaida. Ku tambayi abin da suka ji daga nasu iyayen game da Ɗantunku da kafuwar masarautar Kazaure a farkon ƙarni na 19, da yadda aka rayu a farin 1973, da yadda gari yake kafin a cire Jigawa daga Kano a 1991. Abin da ya shafi gado da iyaka ku kwafe shi a takarda, dattawan gida su sa hannu. Rigingimun gona da yawa da ake kai wa gaban mai unguwa da dagaci da alƙali, asalinsu wani tsoho ne ya rasu da sanin a kansa ba a tambaye shi ba.

To 'ya'yana, kada ku ce za ku ɗauki duka a rana ɗaya. A makon nan ku sayi littafin gida, ku haddace lambobin nan uku, ku kuma yi wa kanku alkawari cewa babbar shawara ba za ta wuce ba sai ta kwana an kuma ji bakin wani. In kun saba da waɗannan, sauran za su biyo baya. Wanda ya karanta wannan ya karanta wa wanda bai iya ba. Allah Ya ba ku ilimi mai amfani da natsuwa wajen hukunci, Ya tsare dukiyarku da mutuncinku daga azzalumai, Ya ba iyayenku lafiya, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu, Ya albarkaci gonakinmu da zuriyarmu. Amin.